Kaka Arzika da Sayen Kanwa

Ku da kuka san Kaka Arzika kun san ba ya gama amsa sallama sai ya ji shekarun kakan mutum. Baƙo zai iso ƙauyenmu, can gaba da Matankari, ƙafa duk rairayi, maƙogwaro a bushe, shi kuwa yana gindin gawo yana tufka igiya. Sai ya ɗago ya ce, "Kakanka shekara nawa yay yi?" In amsa ta kai tamanin, a kawo tabarma da fura. In ta tsaya a hamsin, ruwa kawai, kuma a tsaye, wai kada a ɓata wa mai gajeren kwana lokaci.

Ni jikarsa ce, Hajo, wadda yake kira amarya, don haka abin da 'ya'yansa ba sa iya faɗa masa ni ina faɗa. Karatunsa guda ɗaya ne: tsawon rai a jini yake, magani ɓata ganye ne. "Mu jininmu ba shi gaugawa," haka yake cewa safe da yamma. Ubansa ya kai har ana shanya shi a hantsi kamar kuɓewa. Kakansa ya ga jikan jikansa, ya kuma samu ƙarfin zaginsa. In kuwa ka ambaci wani ɗan gidan da ya mutu da wuri, ko ɗagowa ba ya yi. "Wannan dangin uwa yaɗ ɗauko."

Ranar da Nomau ya zo neman aurena, tambayar da ya sha ke nan.

"Yana ɗan talatin rijiya tar ruhta da shi," in ji Nomau.

"To ka ji. Jinin rijiya gare ku."

Ya ba shi ni bisa sharaɗin kada ya kuskura ya leƙa rijiya. Nomau ya riƙe sharaɗin nan hannu bibbiyu. Har ya tsufa bai taɓa shayar da akuya ba.

Ciwon kan Kaka a duniya shi ne Mati, abokin kaciyarsa, tsohon gardi, wato dogarin Nasara, da ke zaune a Dogon Dutsi, katanga ɗaya da gidan likita. Mati ko atishawa ya yi sai ya tsallaka a ba shi ƙwaya. Ubansa da yayyensa babu wanda ya ga hamsin, shi kuwa ga shi nan da furfura da tumbi, yana tauna goro da haƙoransa. Duk sa'ad da suka haɗu sai an yi.

"Arzika, ni hwa ga ni. Ina jinin?"

"Kai ai ka daɗe da mutuwa, Mati. Lokotoro na ka jin nauyin hwaɗa maka."

Akwai kuma maganar taguwa. Kun tuna? Noma yake, yaɓen rumbu yake, zafin bazara ne da kare ke neman inuwa, Kaka ba ya tuɓe taguwarsa mai dogon hannu. Na sha tsokanarsa, ko ƙazuwa yake ɓoye wa amarya. Sai ya ce jiki mai asali ba a nuna wa rana.

Ba a daɗe da tafiyar Nasara ba, tuta ma ba ta koɗe ba, motar masu lamba ta shigo garinmu. Lamba dai 'yar tsaga ce a dantse, don kada agana ta kama mutum. Kaka na jin ƙugin mota ya kaɗa mu, mata da yara, ya jingina tsani, ya zuba mu cikin babban rumbu. Ni ma ina cikin rumbun da 'yata Barmani a bayana, don Nomau ya tafi cin rani kudu na dawo gida. Muna jin mai farar riga yana tambaya.

"Tsoho, ina iyali?"

"Sun tahi buki Sukukutane."

Ƙaiƙayi ya shiga hancin gwaggona, ta saki atishawa.

"Mi na na cikin rumbu?"

"Hatsi na."

"Hatsi na atishawa?"

"Na bana haka shi ke."

Mutumin yana da ƙauyuka a gabansa, motar kuma ta riga ta kafe a rairayi sau biyu. Ya kaɗa kai ya wuce. Muka fito fari fat da ƙura muna dariya. Ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe mini.

Wata biyu bayan haka agana ta sauka a ƙauyen da ke gabas da mu, inda muke jin dakansu in iska ta juyo. Aka fara kai mutane bukkar bayan gari. Ni kuwa biyu na riga na binne kafin Barmani, shi ya sa ma aka sa mata wannan suna na roƙo. Tsoro ya hana ni cin abinci. Kullum safe sai na tuɓe ta ina duba fatarta. Masu lamba ba za su dawo ba, sai dai mutum ya bi su Dogon Dutsi, kuma babu mai fita gidan nan da jariri ba da izinin Kaka ba.

Na same shi da hantsi yana tufka. Ban ce masa ango ba, ban yi wasa ba.

"Kaka, ku nawa innarka tah haihwa?"

"Goma sha ɗaya."

"Nawa sunka yi hurhura?"

"Ga ni."

"Sauran goma hwa?"

"Dangin uwa sunka ɗauko."

"To Barmani ni ta uwatta. Dangin uwatta kai na. Biyun da nib binne ma, dangin uwassu kai na."

Ya ci gaba da murza kaba a cinya, amma na ga igiyar tana warwarewa a bayansa bai lura ba. Na tashi na shiga ɗaki na yi kukana.

Washegari da sassafe sai ga shi ya ɗaura wa jaki akumari, yana magana da bango. "Kanwa ta ƙare gidanga. Za ni birni saye. In da mai son rakiya, jaki ba shi ƙin goyo." Kanwa kuwa rabin tukunya na ɗakin gwaggona. Na ɗauko zane na hau. Shi ya ja akala da ƙafa, tsoho mai shekara kusan tamanin, tun daga ƙofar gida har muka hango dutsin. Da muka shiga gari ya zagaya da mu ta bayan kasuwa, ta lungun masu jima, don kada mu bi ta ƙofar Mati.

Lokotoron, wato likitan, wani siriri ne mai fara'a. Ya yi wa Barmani lamba, ta tsala ihu ta yi shiru. Ya yi mini. Sai ya juya ga Kaka, wanda ke bakin ƙofa yana nazarin rufin ɗaki.

"Baba, saura kai."

"Ni kanwa niz zaka saye."

"Duk wanda yash shigo ɗakinga sai an yi mai."

Kafin Kaka ya haɗa amsa, mutumin ya naɗe masa hannun taguwa har kafaɗa. Jama'a, ga ta nan! Lamba, tsohuwa, shafaffiya, mai faɗin ƙwayar gurjiya, zaune daram a dantsen hagu. Lokotoro ya dube ta, ya dubi Kaka.

"A'a, Baba, ai kai ka riga mu."

"Ƙuna ta."

"Ƙuna mai kyau kau. Wanda yaƙ ƙone ka ya san aikinai."

Ya sabunta masa ita duk da haka. Kaka ya sauke hannun riga, ya sayi kanwa dunƙule guda, muka kama hanya. Sai da gari ya ɓace a bayanmu ya yi magana, kuma jakin yake kallo.

"Zamanin aikin tilas na hanya anka yi muna ita, a layi, awa shanu. Lokacin mu biyu munka rage wa inna, ni da ƙanena Dari. Da 'yan kamun aikin sunka zaka, ni nis sa Dari cikin rumbu, nib ba da kaina. Nic ce na cece shi. Bayan na komo, da rani agana taz zo gidanmu. Tabarma guda muka kwana ni da shi. Shi taɗ ɗauka."

Muka ci gaba da tafiya. Ni dai na gane abin da bai faɗa ba. In tsawon rai a jini yake, to babu hannun kowa a mutuwar Dari. Shekara hamsin da wani abu yana tufka wannan magana don ya samu ya yi barci. Daga nan ya shiga kiran sunayensu, su goman, daga babba har auta, bai yi tuntuɓe a ko ɗaya ba. Waɗansu ko yaye ba a yi musu ba. Da ya gama ya share fuska da hannun taguwa ya ce, "Amarya, kak Mati shi ji."

A watan nan sau biyar kanwa ta ƙare a gidanmu. Kowace tafiya da yara biyu a kan jaki da uwa ɗaya a baya. Ta biyar ɗin gwaggona ce mai atishawa. Kanwa ta cika tukwane ta koma buhu, har awakinmu suka fara kau da kai in sun gan ta. Agana ta shigo garin, ta yi ɓarnar da ta yi, amma ba ta ɗauki kowa a gidanmu ba. Da maƙwabta suka yi masa barka, Kaka ya gyara zama ya ce, "Na hwaɗa muku. Jininmu ba shi gaugawa."

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Mati ya zo jana'iza a kan keken jikansa, ya yi kuka kamar yaro, sannan ya tambaye ni a gefe ko tsohon ya taɓa shan ƙwaya ko sau ɗaya. Na ce ban taɓa gani ba, kuma ban yi ƙarya ba. Sai da Mati ya bi shi lahira na buɗe baki, yau ga shi kun ji.

Barmani yanzu jikokinta sun fi yatsun hannu. Ko jini ne ko lamba, ku je ku yi ta gardama, ni na gaji. Abin da na sani, akwai ɗan guntun kanwar nan a ƙasan adakata, ban taɓa jiƙa shi ba.

Allah ya jiƙan Kaka Arzika, ya yafe masa rumbu na farko da na biyu. Allah ya sada shi da Dari da sauran taran, ya ba su zama tare mai tsawo, irin wanda ba su samu a nan ba. Amin.