Alƙalamin Taɓaryar Saude

Malam Sama'ilu maƙwabcina ne a Roni, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ta wannan katangar na shekara takwas ina jin ƙarar keken ɗinki kullum bayan la'asar. Da farko na ɗauka matarsa Saude ce ta kama sana'a. Ashe keken dai nata ne, amma shi ya ƙwace. Ya cire kan, ya bar matakin da tayar, ya ɗaura wasu ƙarafa da wani maƙeri a Kazaure ya ƙera masa. Yana takawa da ƙafa, guntun itace yana juyawa, shi kuma yana kanga masa ƙarfe mai kaifi har ya sirance. Daga nan ya huda cikinsa da tsinken ƙarfe mai zafi, ya zura bututun tawadar biro. Shi ke nan an yi alƙalami.

Akawu ne a wani ofis, kuma ofishin ne ya jefa shi cikin wannan aiki. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Malam, ara mini biro," kuma biron ya tafi ke nan. Idan ya gan shi a aljihun mutum washegari ba shi da ta cewa, don shuɗin biro duk kamarsu ɗaya. Sai ya yanke shawarar ya yi wanda babu irinsa, wanda ba mai iya cewa a kanti ya saya.

Dabarar ta yi kyau, sai dai ya manta da halinsa. Malam Sama'ilu mutum ne mai kara, irin ta mutanen da. A gidansu aka koya masa cewa idan babba ya yaba abin hannunka, ba godiya za ka yi ba, miƙa masa za ka yi. To, biron kanti ba wanda yake yabawa. Amma alƙalamin itace mai sheƙi, wa zai gani ya yi shiru? Liman ya ce masha Allah, ya tafi da ɗaya. Mai unguwa ya ce kai, ya tafi da biyu. Shugaban ofishinsu ya juya ɗaya a hannu ya ce hannun nan naka da albarka, shi ma ya soke a aljihu. A da aro ake yi ba a dawo da shi. Yanzu shi da bakinsa yake cewa, "Ai naka ne, ranka ya daɗe," yana murmushin dole.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ina da biyu. Na girme shi da wata bakwai, kuma na yi amfani da watannin nan. Na biyun ma ban yaba ba, gyaran murya kawai na yi.

Alƙalami sama da arba'in ya feƙe a shekara shida, amma da biron kanti yake sa hannu a ofis. Wannan abu yana cinsa ƙwarai. Da lokacin ajiye aikinsa ya matso, sai ya ce mini buri ɗaya ya rage masa: ranar ƙarshe, takardar ƙarshe, ya sa mata hannu da alƙalamin da ya yi da kansa, ya kuma dawo gida da abinsa.

Saura itace. Ya gwada darbejiya, takan tsage. Ya gwada marke, bai gamsu ba. Abin da yake so tsohuwar ƙirya ce wadda ta bushe shekara da shekaru, kuma a duk Roni wuri ɗaya ya san akwai ta: taɓaryar Saude, wadda ta gada daga mahaifiyarta, hannun mata ya goge ta har ta yi santsi. Ranar da Saude ta tafi suna 'Yankwashi, ya ɗauko zarto ya yanke taƙi guda daga kai ɗaya, ya goge wurin, ya shafa masa ƙasa, ya jingine ta inda take.

Saude ta dawo, washegari ta ɗauki taɓarya za ta yi daka. Ta ɗaga, ta sauke, ta dubi taɓaryar, ta dubi ƙofar ɗakin da keken yake. Ta ci gaba da dakanta. Malam Sama'ilu ya zo yana gaya mini da murna wai ba ta lura ba. Na ce masa matar da ta shekara talatin tana riƙe da abu ba za ta lura ya ragu da taƙi ba? Ya ce ni dai ban san Saude ba.

Mako uku ya yi a kan alƙalamin nan. Ya bi shi da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya shafa kakin zuma, ya murza da tsumma yana taka keke har itacen ya yi zafi. Da ya gama, sai ga shi ja-ja baƙi-baƙi kamar dabino mai kyau. Ni kaina daga nesa ya nuna mini, ya kuma roƙe ni kada in ce komai. Don kada wani ya gani, a cikin hularsa yake ɓoye shi.

Ana gobe zai ajiye aiki, da azahar, sai ga Baffa Na'Allah daga Gwiwa a bayan acaɓa. Ƙanen mahaifinsa ne, shi ne babban gidansu yanzu. Yana da alƙaluman Sama'ilu huɗu, alhali duk takardar da aka kawo masa da babban yatsa yake dangwalawa. Muna zaune a zaure aka kira salla, aka kawo buta. Malam Sama'ilu ya tsuguna yana alwala, ya zo shafar kai, ya ture hula kamar yadda ya saba yi sau biyar a rana tun yana yaro. Alƙalamin ya faɗo, ya gangara, bai tsaya ko'ina ba sai gaban takalmin Baffa.

Baffa ya ɗauka, ya kai kusa da ido, ya juya. Ya ce, "Sama'ila, wannan ya fi na baya duka kyau."

Na dubi maƙwabcina. Ruwa na ɗiga daga gemunsa, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Wallahi ya ba ni tausayi, har na ji kunyar biyun da ke aljihuna. Bakinsa ya buɗe da kansa, ya fara, "Baffa, ai na..."

Sai muka ji sallama ƙasa-ƙasa daga bayan ƙofar cikin gida. Saude ce ta durƙusa daga can, ba ta fito ba. Ta gaishe da Baffa, ta tambayi mutanen Gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gero. Sannan ta ce, "Baffa, ashe an nuna maka ɗan alƙalamina. Daga taɓaryar Inna aka cire mini shi, Allah ya ji ƙanta. Malam aro ya yi."

Baffa Na'Allah zai iya karɓar rigar wuyan ɗan wansa bai ji komai ba. Amma abin suruka, kuma gadon uwarta? Ya ajiye alƙalamin a kan tabarma da sauri kamar ya taɓa murfin tukunya, ya ce, "Allah ya ji ƙanta, Allah ya sa albarka." Ya miƙe ya ce mu tafi kada mu rasa jam'i.

Da muka dawo, Malam Sama'ilu ya shiga gida zai yi godiya. Ta katanga na ji sauran. Saude ta ce godiyar me, ai gaskiya ta faɗa, ya miƙo mata abinta. Ya ce gobe fa? Ta ce gobe ya zo ya yi aro kamar kowa, kuma ita ba ofis ba ce, abinta yakan dawo.

Haka aka yi. Da safe ya ara, ya je ya sa hannu a takardarsa ta ƙarshe. Shugaban ofis ya yaba, har ya miƙo hannu. Malam Sama'ilu ya ce, "Na mai ɗakina ne, ranka ya daɗe," hannun ya koma. Kafin la'asar ya mayar wa Saude, ta jefa cikin kwalla ta rufe.

Yau shekara biyu ke nan. Har yanzu yana taka keke, har yanzu manya suna yabawa suna tafiya da abin da suka yaba, kuma har yanzu ba shi da alƙalami ko ɗaya nasa. Amma akwai guda da yake sokewa a aljihun gaba duk Juma'a, a fili, ya wuce ta gaban liman da mai unguwa yana gaishe su da fara'a.

Saude kuwa tana nan tana daka da gajerar taɓarya, tana sunkuyawa fiye da da. Bara ya ga tana dafa ƙugu, ya ce zai sayo mata sabuwa a kasuwar Kazaure. Ta ce a'a. Ta ce duk ranar da Baffa ya dawo ya nemi shaida, me za ta nuna masa?