Batirin da Ya Dawo da Mu Gaɓar Shu'aiba

Ana sallame sallar asuba muka bar Misfala, unguwarmu a Makka, mu uku a a-kori-kura: ni, da kawuna, da maƙwabcina da ke tuƙi. A bayan motar akwai kwalekwalen roba mai cin mutum biyu da maigidan maƙwabcin nawa ya ara mana, da ɗan injinsa na lantarki mai farfela. Batir ne kawai babu.

Kawu masunci ne tun yana Yawuri, amma tun da ya zo Makka ya zauna bai sake taka ruwan da ya wuce na alwala ba. Shekara da shekaru yana tura keken tsofaffin alhazai, har kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. Ya daɗe yana cewa yana so ya jefa ƙugiya ko sau ɗaya kafin ƙarfi ya ƙare. Shi ba zai iya tuƙi da filafili ba, ni kuma ban iya iyo ba, ban ma taɓa shiga kwalekwale ba, kuma kunya ta hana ni faɗa. Ke nan duk abin da zai kai mu cikin teku, shi ne zai dawo da mu.

Ni dai hankalina kwance, don na riga na gama lissafi. Can ƙasarmu idan aka ɗauke wuta, batirin mota muke cirowa mu kunna fanka da talabijin, har a yi biki da shi. Na ce idan mun isa sai mu kwance na a-kori-kurar mu ɗora.

Hanyar Shu'aiba, bakin tekun da muka nufa, shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami ko ɗaya, sai yashi da raƙuma masu kallon mota kamar ita ce ta shigo musu gida. Mun tsaya a wani gidan mai muka karya da burodin tamis mai zafi da dafaffen waken ful da shayi. Ya fi na unguwarmu araha, man zaitun ɗin ma ba a yi mana rowa ba. Can gaba muka hango dogayen bututun ma'aikatar da ke tace ruwan tekun da muke sha a Makka.

Kusa da gaɓa muka shiga shagon kayan kamun kifi don sayen ƙugiya da jatan lande na tarko. Mai shagon, wani dattijo ɗan Yaman, ya leƙa motar ya tambaye ni ina batir. Na nuna masa gaban mota ina taƙama. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce batirin mota an yi shi ne ya ba da ƙarfi gaba ɗaya a tayar da inji, ba ya jure a riƙa tsotsarsa a hankali tsawon yini. Sannan ya ce, idan ya mutu a ruwa, da me za mu tayar da motar mu koma gida? Wallahi wannan tambayar ba ta taɓa zuwa kaina ba, kuma na ji haushin yadda maƙwabcina ya taya shi dariya.

Ya fito da batir biyu, dukansu na jan zango. Ɗaya na dalma ne, mai sauƙin kuɗi, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Ɗayan na litiyom, mara nauyi, mai 'yan fitilu huɗu da ke nuna sauran caji, amma da tsadar gaske. Na nuna na dalma. Kawu ya gwada ɗaga kowanne da hannun hagu, ya je ya daddanna bayan kwalekwalen, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Ɗan nan, kai kaɗai ka kai buhun shinkafa biyu,” in ji shi. “A ƙara na dalman nan a bayanka, ruwa ta baya zai shigo. Halas, magana ta ƙare, ɗauki mara nauyin.”

“Kawu, aljihu fa?”

“Aljihu zai warke.”

Muka ɗauka. Mai shagon ya saka shi a akwatin da ruwa ba ya shiga, ya ɗaure wayoyin da kansa, ya ce da zarar fitila ɗaya ta mutu mu fara tunanin juyowa, kada kuma mu murɗa injin har ƙarshe, don gudu ne ke cinye caji.

Maƙwabcina ya tsaya gadin mota. Muka ɗaura rigunan hana nutsewa muka shiga, Kawu a gaba, ni a baya riƙe da hannun inji. Ruwan garau yake, kana ganin duwatsu da ƙananan kifaye a ƙasa. Injin ba ya ƙara, sai ɗan gurnani. Kawu ya jefa ƙugiya da hannun hagu, kafin hantsi ya yi zafi ya ciro kifi uku. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba, shi ya sa da fitilar farko ta mutu na yi gum, ban so in katse masa jin daɗi.

Wajen azahar iska ta taso. Igiyar ruwa ta fara marin kwalekwalen, motarmu a gaɓa ta koma kamar akwatin ashana. Na duba batir, saura fitila biyu. Nan take na juya kwalekwalen, na murɗa injin har ƙarshe.

“Sassauta!” Kawu ya daka mini tsawa. “Kada ka ba igiya gefe. Bi ta a karkace, a hankali, shwayya shwayya.”

Na sassauta. Yana nuna hanya da yatsa ina bi, ruwa yana fantsamo mana a fuska, bayan kwalekwalen kuwa bai nutse ba ko kaɗan. Fitila ta uku ta mutu muna iya jin kiran maƙwabcina. Da ƙasan kwalekwalen ya gogi yashi, na diro na zauna daɓas a cikin ruwan, na yi ta alhamdu lillahi ban san adadi ba.

Mun iso Misfala ana kiran magariba, matar Kawu ta soya kifin da yaji irin na gida. Abin da na koya shi ne, batir na dawowa ake saya, na tafiya kowanne ma zai kai ka. Muna cikin ci na daure na ce masa, “Kawu, ni fa ban iya ruwa ba.”

Bai ko ɗago daga kwanon ba. “Tun da na ga yadda ka sa ƙafa a jirgin na sani,” ya ce. “Shi ya sa na ce a ɗauki mara nauyin. Da ya kife, da wace kafaɗa zan kai ka wa uwarka?”