Ranar da Anjima Ya Danna Yanzu

In kuka bi layin da ke bayan tashar mota, kuka wuce mai facin taya da shagon magani, za ku ga wata ƙofa shuɗiya da aka zana almakashi a jikinta, almakashin da ya fi kama da ƙadangare ya wangale baki. Nan ne shagon Anjima mai aski. Kada ku wahalar da kanku da tambayar sunansa na gaskiya, ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi.

Daga waya sunan ya samo asali. Shekarun baya, da Auta, 'yarsa, za ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa, sai ta saya masa babbar waya mai shafawa don su riƙa ganin juna. Tun makon farko wayar ta fara yi masa wata tambaya: sabon gyara ya fito, a sabunta yanzu ko anjima? Ya duba, ya taɓe baki, ya danna anjima. Washegari ta sake tambaya, ya sake dannawa. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, wayar ba ta gaji ba, shi ma bai gaji ba. Biyu ne masu taurin kai suka haɗu.

"Abin da ke aiki lafiya, me za a sabunta masa?" in ji shi. "Jiya suka ce babu irinta a duniya, yau sun ce tana da gyara. To, ko jiya suka yi ƙarya, ko yau. Sai sun zo sun faɗa mini wanne ne."

Matarsa dai ba ta yi mamaki ba. Ta ce wayar ce baƙuwa, ita kam ta san kalmar tun tana amarya. Famfon bayan gida yana ɗiga, anjima. Ƙofar kabad ta zube a hannunta, anjima. Har ta jingine ƙofar a bango, ta mayar da ita wurin rataye tsumma.

Amma a ba shi haƙƙinsa, a wurin aski ba shi da anjima. Gajere ne mai ɗan tumbi, sai ya yi ɗage in dogo ya zauna masa, amma hannunsa kamar auduga. Kowace safiya zai kwance bakin injin askinsa, ya goge shi da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga masa mai, ya kara a kunne ya saurari kukansa kamar likita. Yaron da ya shigo yana tsala ihu, a kujerar zai yi barci. Bakin ne kawai matsalar. A kan kanta, tsakanin gwangwanin hoda da kwalbar sifirit, akwai wata tsohuwar rediyo, kuma shirin kimiyya da fasaha ba ya wuce shi. Duk abin da aka faɗa, yana da amsa. Kai kuma da aka ɗaure wa ƙyalle a wuya, reza na yawo kusa da maƙogwaronka, ina za ka? Dole ka ce haka ne.

Mutum ɗaya ne ba ya cewa haka ne, wato Ticha, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. Kansa ƙwal yake kamar bayan cokali, rabonsa da buƙatar aski tun Auta na rarrafe, amma kullum shi ne na farko a kan benci. Musu yake zuwa sha, kamar yadda wasu ke zuwa shan shayi.

In rediyo ta ce ana shirin tura mutane su zauna a wata duniya, Ticha zai gyara tabarau ya ce, "Ka ji inda ilimi ya kai."

"Na ji. Tambayata ɗaya, wa zai yi musu aski a hanya? Wata da watanni a cikin gwangwani. Kuma kai da bakinka ka ce a can sama abu ba ya faɗuwa ƙasa. To gashin da aka aske ina zai tafi? Hancin direba."

In aka zo kan na'urar nan da ke amsa kowace tambaya, sai ya ce, "Ai mun daɗe da irinta a danginmu. Surukina. Duk abin da ka tambaye shi yana da amsa, bai taɓa cewa ban sani ba. Bambancinsu, shi ba ya cin caji, shinkafa yake ci."

Kuma ba da baki kawai yake musu ba, yana da hujja. Duk bidiyon da ya ci karo da shi na na'ura ta ji kunya, sai ya adana a wayarsa. Roka ta tashi ta dawo da ka. Mota marar direba tana ta zagaya shataletale kamar ta ɓatar da kuɗi a wurin. Ƙaramin jirgin kai saƙo ya maƙale a bishiya. Da Ticha ya fara cin galaba, Anjima zai kashe inji, ya goge hannu a riga, ya ce, "Tsaya in nuna maka." Wanda ya fi so shi ne na wani mutum-mutumi da aka ba faranti da kofin shayi ya kai wa baƙo. Yana tafe yana ƙasaita, gefen darduma ya harɗe shi, ya kife, ƙafafun kuma suka ci gaba da tafiya a sama. Anjima ya sa masa suna Ƙanen Ticha. Ya kalle shi ya fi a ƙirga, kuma kowane kallo sai ya yi hawaye don dariya.

Ticha ya sha gaya masa wayar za ta cika. "Ka tura su gajimare, ma'ajiyar intanet, can ake ajiya yanzu."

"In ajiye kayana a abin da iska ke korawa? Kai ka ajiye naka. Af, na manta, ba ka da abin ajiyewa."

Nan kam ya taɓa masa ciwo. Wannan babban lauyan ci gaban zamani, ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, wadda ba ta san komai ba sai kira da tocila. Babbar wayarsa wai tana wurin gyara, tun bara.

To, ana nan, cikin Auta ya tsufa, uwar ta haɗa jaka ta tafi wurinta. Anjima ya rage shi kaɗai a gida, yana cin burodi a tsaye, yana gaya wa kowa ya huta da surutu. Amma masu lura sun ga ya daina ajiye wayar a aljihun wando, ya mayar da ita aljihun gaba, saitin ƙirji.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Wani direban babbar mota na kan kujera, an gama masa ɓangaren dama, na hagu na nan dum. Waya ta yi ƙara, kira ne na murya kawai.

"Malam," in ji matarsa, "Auta ta sauka. Namiji. Lafiya lau suke."

Injin na ta kuka a hannunsa, ya rasa inda ake kashe shi, sai da Ticha ya miƙe ya zare wayar wutar daga bango.

"Maza buɗe bidiyo ka gan shi, idonsa biyu," ta ce. "An sabunta ka, Malam. Na samu sabon maigida, sabon fitowa, ko tabo babu."

Ya katse, ya taɓa manhajar da suke kiran bidiyo da ita. Fuskar wayar ta yi fari. Ga rubutu: wannan ta tsufa, ba za ta ƙara buɗewa ba sai an sabunta ta. A ƙasa kuma wurin dannawa ɗaya ne tal. Yanzu.

Ya kai yatsa inda anjima ta saba zama, babu komai. Ya ja sama, ya ja ƙasa. Ya juya wayar a kwance, ko ta ɓuya a gefe. Har bayanta ya leƙa.

"Sun cire," ya ce a hankali.

"Sun gaji da kai," in ji Ticha.

Ya runtse ido kamar mai shan magani mai ɗaci, ya danna. Wayar ta yi ɗan tunani, sannan ta ce babu wuri, ta cika maƙil, sai an goge wasu abubuwa.

Direba, bawan Allah, ya zaro tasa daga ƙarƙashin ƙyalle. "Baba, ga tawa, sa lambar kawai."

Anjima ya kalli wayar, ya girgiza kai. "Na gode, ɗana. Amma jikana ba zai fara ganin kakansa ta wayar aro ba. Uwarsa ce ta saya mini wannan, don wannan ranar." Ya miƙa wa Ticha tasa. "Idonka ya fi nawa ganin ƙananan rubutu. Me ya cinye wurin?"

Ticha ya duba, murmushi ya fara daga kunne ɗaya ya nufi ɗayan. "Hujjojinka."

Ai kuwa ya gyara zama. Shekara da shekaru ana kunyata shi da waɗannan bidiyoyi a gaban yara, yau ga su a tafin hannunsa. "Roka mai dawowa da ka?"

"Goge."

"Motar shataletale?"

"Goge. Ka daina karanto mini sunayensu kamar mai sanarwar rasuwa."

Ticha na gogewa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Amma da aka yi nisa, waƙar ta fara yin sanyi. Kowanne ya buɗe, sai ya tuna ranar da aka yi musunsa, wa ke kan kujera, wa ya yi dariya har ya ƙware. Can ya ɗago ya ce, "Wannan na jirgin bishiyar, ai ba shi da nauyi sosai. A bar shi mana."

"Ticha, yaron zai yi barci."

Aka share su kaf, saura ɗaya. Aka gwada, wayar ta ce har yanzu da ɗan saura. Ticha ya juyo da fuskar wayar. Ƙanensa ne, riƙe da faranti, bai san abin da ke jiransa ba.

"Bari mu nemi wani abu daban," in ji Ticha. "Hotunan nan fa?"

"Na Auta ne. Kawo."

Ya karɓa da kansa. Bai ko kalle shi na bankwana ba, ya goge. Sai ga wani siririn layi ya bayyana yana cika a hankali, a hankali, kamar famfon gidansa. Su uku suka haɗa kai suna kallo, mai sanƙo, mai furfura, da mai rabin kai. Anjima ya ce wa direba ya yi haƙuri a ƙarasa masa.

"A'a, Baba. Sai na ga yaron da ya sa aka bar ni haka."

Da ta gama, komai ya canza wuri. Abin kira da ke sama ya koma ƙasa, kore ya zama shuɗi. "Kun gani ko? An kwashe kayan ɗaki an sake jerawa, wai gyara." Amma yana mita yana lalube, har ya samu. Ta yi ƙara, aka ɗauka. Silin ya fara gani, sannan goshin matarsa, sannan hancinta.

"Ina yake?"

"Yanzun nan nas ta ɗauke shi, za a duba shi a yi masa wanka. Sai anjima."

Direba ya kife a kan kujera don dariya. Ticha ya cire tabarau yana share ido.

"Anjima yaushe?" in ji Anjima.

"Ni kake tambaya? Kai ne mai kalmar. Ni da na yi rabin rayuwata ina jiran a gyara mini ƙofar kabad, ka taɓa sa mini lokaci?" Daga gefe ya jiyo dariyar Auta, a gajiye, tana cewa, "Umma, ki bar Baba haka, ɗinkina." Aka katse.

Ranar ya san tsawon kalmar. Ya ƙarasa kan direba, ya share shago, ya sake sharewa ba gashi ko ɗaya a ƙasa. Ya jingine wayar a jikin madubi, ya hana kowa kunna rediyo. Direba ya ƙi tafiya, ya ce motarsa ba ta gudu. Sai da rana ta karkata wayar ta yi ƙara, kuma ba ta kai ga yin na biyu ba.

Ga shi nan. Ɗan mitsitsi, ja-ja, fuska a yamutse kamar wanda aka tasa daga barci don a gaya masa labarin da bai yarda da shi ba. Kansa kuwa cike da gashi baƙi wuluk, a kwance luf.

Anjima ya matso da wayar, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yadda yake yi kafin ya sa inji.

"Makwancin gashin nan ta hagu ya juya, irin nawa," ya ce. "Ku gaya wa mutanen can kada wanda ya taɓa kan nan. Nawa ne."

"To sai ka taso," in ji matarsa. "In ka ce anjima, da gemunsa za ka same shi."

Yaron ya buɗe ɗan bakinsa ya yi wata doguwar hamma, ya dunƙule hannu.

Ya dai je, ya dawo, kuma wayar ta sake cika, da sababbin hujjoji. Yanzu in rediyo ta ce an ƙera na'ura mai kaza da kaza, Ticha ya gyara tabarau, sai Anjima ya kashe inji, ya goge hannu a riga. "Tsaya in nuna maka." Yaro na hamma. Yaro na atishawa. Yaro ya kama yatsan ƙafarsa yana mamakin na waye. "Su ƙera wannan, sannan mu yi magana." Ticha kuwa sai ya matso, don shi ma so yake a sake kunnawa.

In wayar ta yi tambayarta ta kullum, Anjima kan juya wa benci baya, ya kare fuskarta da tafin hannu, ya danna abin da zai danna. Ya manta bangon gabansa duk madubi ne, kowa na ganin yanzu yake dannawa. Ba wanda ya tona shi, sunan ma ba a canza ba. Ƙofar kabad kuwa tana nan jingine, da tsumma a kanta.