Gangar Madu da Maganin Tenin

Da sunan Allah mai jin kukan wanda aka cuta. Tenin Jara ƙyafaffen kifi take sayarwa a wani ƙauye na bakin kogi, gabas da Segu. Mace ce ba mai yawan magana ba, zanenta kullum warin hayaƙi, salla kuwa ba ta wuce ta ko a kasuwa. Mijinta Lasine rani yana wurin haƙar zinariya, damina yana gida.

Da ta sami ciki na uku ta je awo, aka gwada jininta, aka ce ƙanjamau. Aka gwada Lasine, shi ma haka. A hanyar gida abin da ya iya ce mata kawai shi ne, "Kada Inna ta ji." Ko haƙuri bai ba ta ba. Ungozomar asibiti ta ba ta ƙwayoyi, ta ce in ta sha kullum ba fashi, da yardar Allah yaron zai fito lafiya. Tenin ta ƙulle su a tsumma, ta cusa ƙarƙashin kwanukan aurenta.

Ana nan sai aka kai Madu Tarawele, ma'aikacin lafiyar yankin, ƙasar Indunusiya ya ga yadda suke aiki. Ya dawo da riga mai zane-zane da labari. Wai can, a ƙauyukansu na Musulmi talakawa irinmu, da yamma ana buga ganga don a tuna wa mata shan ƙwayar tazarar haihuwa. Bai tambayi mace ko ɗaya ba, ya sa aka rataye ganga a gindin tsamiya.

Zuri'ar Tarawele da ta Jara abokan wasa ne, don haka Tenin ta tare shi a kasuwa.

"Kai maci wake, bawan gidanmu, ka ƙetare teku ka rasa tsarabar da za ka kawo sai ganga?"

"Ke 'yar bayina, ilimi ne. Cikinki wake ya cika, ina za ki gane?"

"Can tsofaffinsu sun yarda kafin a buga?"

Ya yi dariya, ya ɗauki kifi ɗaya ya wuce.

Tsofaffin namu kuwa ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. Abin da suka ji shi ne ana kaɗa ganga don a daina haifa musu jikoki. Sai suka shiga binciken ɗakunan matan 'ya'yansu. Uwar Lasine, wadda ake kira Ba Sitan, ta jira Tenin ta tafi kasuwa, ta kwance kwanuka ɗaya bayan ɗaya, ta sami tsumman, ta juye shi a masai.

Tenin ta koma asibiti a ɓoye ta karɓo wasu, aka yi mata faɗa kamar ita ta zubar. Ta ɓoye a tukunyar daddawa. Tsohuwa ta sake tonowa. Wannan karon a tsakar gida ta tsaya da su a hannu, Lasine na zaune yana shan shayi.

"Da ciki a jikinki kike haɗiyar wannan? Jikana kike so ki kashe, marar tsoron Allah?"

Tenin ta dubi mijinta. Wata bakwai cikin nan, kuma an gaya mata kowane fashi yaron ne zai biya.

"Maigida, ka gaya wa Inna maganin mene ne."

Ya ci gaba da juya shayi daga kofi zuwa kofi, yana tada kumfa.

"Ka gaya mata, ko ni in faɗa."

Namiji da gemunsa, wallahi ko kai bai ɗaga ba.

"To Inna, ƙanjamau gare ni. Wannan da kike zubarwa shi ke tsare jikanki. Ɗanki ma nasa yana cikin jakar da yake tafiya da ita, je ki duba."

Tsohuwa ba ta duba ba. Ta ajiye ƙwayoyin a kan turmi ta shige ɗaki. Washegari aka ware wa Tenin kwanonta da moɗarta. Na Lasine ba a taɓa ba, shi ɗa ne. Magana ta fita, masu sayen kifinta suka koma wajen wasu, har waɗanda suke sahu ɗaya a masallaci. Dole ta riƙa shiga kwalekwale da tsohon ciki tana kai kifi kasuwar da ba a san ta ba. Amma daga ranar a fili take shan maganinta, gaban kowa, da bisimilla.

Ta haifi mace. Aka yi ta gwaji har bayan yaye, jinin yarinya fes, alhamdulillahi. Kakarta Ba Sitan ce ke goya ta yanzu tana yawo da ita gida gida, amma har yau ba ta sa hannu a kwanon uwar ba.

Gangar kuwa fatarta ta fashe tun damina ta farko, ba wanda ya gyara. An sake kai Madu wata ƙasar. Da ya dawo ya biyo ta rumfarta zai miƙa hannu cikin kwando kamar da, yana cewa 'yar bayina. Tenin ta ja kwandonta ta rufe da zane.