Ranar da Sellatai Ta Ɓoye Ruwa

Duk layin ɗakunan ma'aikatan gonar shayin da ke can saman duwatsun Munnar babu wanda bai san gabar da ke tsakanin Sellatai da ruwan sama ba. Gaba ce tsohuwa, ta girmi aurenta. Da safe in ta buɗe ƙofa ta tarar ana yayyafi, sai ta riƙe ƙugu ta ɗaga kai sama ta ce, "Ka dawo ko? Mara aikin yi. Duk faɗin duniyar nan ba ka ga wajen zuwa ba sai kaina?" Mijinta Madasami kan ce maganar da ta yi wa ruwa a zamansu ta fi wadda ta yi masa yawa, kuma shi bai ga laifin hakan ba, domin zagin da ya kamata ya sha ne ruwa ke shanye masa.

Kuma ba za ka ga laifinta ba. Tun tana budurwa take tsinkar ganyen shayi, leda a ka, buhu ɗaure a ƙugu, igiyar kwando ta yi mata kwari a goshi. Rabin shekara a jiƙe take. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya yi sati a igiya yana warin danshi, fumfuna ta hau bango ta hau takalmi. Ga matsattsaku, waɗanda take cewa sun sha jininta har sun zama dangi. In ka cire wannan, Sellatai mace ce mai fara'a, mai hannu kamar walƙiya a kan ganye, mai baki kuma da ba ya hutawa. Baƙin da ke hawowa yawon buɗe ido in suka tsaya ɗaukarta hoto, sai ta gyara tsayuwa ta yi musu murmushi, tana ce wa ta kusa da ita, "Dubi bayin Allah, sun bar gidajensu masu ɗumi sun zo kallon sanyi."

Amma babban laifin da ruwa ya yi mata, wanda ba ta yafe ba, shi ne korar mata surukai har sau biyu. Ɗanta ɗaya ne, Katir, direban jif mai kai baƙi yawo. Dangin yarinya ta farko sun zo ganin gida, aka yi ta tsuga ruwa, suka zauna a takure suna kallon bokitan da aka tara wa yoyo, suka sha shayi suka tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Na biyun ma ba su kai ga shiga ɗaki ba. Gwaggon yarinyar ta ga matsattsaku a tsakanin yatsun ƙafarta, ta kurma ihun da aka ji har ma'aikatar shayi, ta koma mota ta ƙi fitowa.

Daga nan Katir ya yi shiru da zancen aure, har sai da ya haɗu da Tenmoli. Ranakun da babu baƙi yakan saukar da buhunan kadamom, ƙwayar ƙamshin nan da ake jefawa a shayi, zuwa kasuwar Bodi a gindin dutse, ita kuma tana cikin matan da ke tsince shi. Sellatai ta gane abin ya yi nisa ranar da ta ga ɗanta yana wanke jif ana ruwa. Yarinyar marainiya ce, maganarta tana hannun uwarta Irulayi, wadda ke zaune a wani ƙauye can wajen Ramnad. Ita kuwa Irulayi magana ɗaya ta yi, ba za ta ba da 'yarta inda ba ta gani da idonta ba.

Da Katir ya kira ta a waya, Sellatai ta karɓa ta sa murya mai zaƙi. "Yaya, ai babu gaggawa. Ki bari sai bayan bikin girbi, lokacin furanni sun buɗe, hanya ta yi kyau."

"Lahadi zan zo," in ji Irulayi, ta kashe waya.

Lahadin kuwa a bakin damina ta faɗo. Sellatai ta zauna a bakin gado, hannu a ka. Ta san Katir. In wannan ma ta kuɓuce, ba zai ƙara kallon wata ba.

Sai ta miƙe ta ɗaura yaƙi. Ta sa Madasami ya shafe fumfunar bango da farar ƙasa. Ta kwashe bokitai da kwanonin tarar yoyo ta tura ɗakin maƙwabta. Ta barbaɗa gishiri da garin taba tun daga bakin hanya har ƙofar ɗaki saboda matsattsaku. Lemomi da rigunan leda ta cusa su ƙarƙashin gado. Saura abu ɗaya. A bayan layin akwai bututun da ke kawo ruwa daga idon dutse, ba shi da makunni, tun kafin a haife ta yake zuba a kan wani faffaɗan dutse ya gangara kwari, har kunnen mutanen layi ya daina jinsa. Sellatai ta tsaya ta saurara da kunnen baƙo, ta ce wannan ƙarar kaɗai ta isa ta tuna wa mutum danshi. Ta cusa masa tsumma, ta naɗe da robar taya, ta rufe da buhu.

"Ke, ruwan ma ɗaure shi za ki yi?" in ji Madasami. "To ki haɗa da na saman mana."

"Shi ma na gama da shi." Ta riga ta je ɗakin bautar Mariyamma, wadda suke roƙo a kan ruwa, ta yi alkawarin jan zakaranta in aka riƙe sama wuni ɗaya tak.

Lahadi gari ya waye tas. Sellatai ta kalli sama ta ce, "Ashe kana jin magana." Ta ɗaura koren sarinta na biki, ta sa furanni a gashi, ta shiga gaban jif, abin da ba ta taɓa yi ba, suka sauka tasha tarar baƙi.

Irulayi mace ce siririya, busasshiya, rana ta gasa ta, bakinta ja da ganyen tauna. Tenmoli na bayanta tana sunne kai, Katir kuma ya rasa inda zai sa hannuwansa. Aka gaisa, aka kama hanyar da ake bi da baƙi. Suka tsaya inda gonar shayi ta shimfiɗu tudu bayan tudu, kore shar har ƙarshen gani. Nan ne baƙi ke tafi suna rungumar juna. Irulayi ta duba ta ce, "To."

Suka shiga lambun kayan ƙamshi. Sellatai ta zama 'yar jagora, tana nuna masoro yana hawa itace, tana murza ganyen kanumfari ta kai mata hanci, tana ɓare kirfa, tana tono citta. Ta tsugunna ta tsinko ɗanyen kadamom daga gindinsa ta miƙa mata. Irulayi ta tauna ta ce, "To." Can ta duƙa ta dangwali ƙasa, ta murza a yatsa, ta tambaya, "Wa ke ba su ruwa?"

Sellatai ta yi wuf ta amsa. "Ruwa? A'a, haka nan suke fitowa, Yaya. Ɗan yayyafi ne jefi-jefi. Ai wajenmu busasshe ne, ƙura ma damunmu take."

Katir ya yi tari har sai da ya dafa itace.

Bakin Sellatai bai gama rufuwa ba iska ta juya. Gajimare ya gangaro daga kan dutse ya haɗiye tuddai, ya haɗiye lambun, har jif ɗin ma sai da aka lalube shi. Kafin su kai mota sama ta ɓalle. Tamfol ɗin jif yana yoyo daidai kafaɗar Irulayi, koren sari ya manne wa Sellatai a jiki, furannin kanta sun zama miya. A hanya Sellatai ta saci kallon ƙafar baƙuwar, sai ga matsattsaku ya sha ya yi tumbi a idon sawu. Irulayi ta kalle shi ta ce, "Wannan fa?" Tenmoli ta cire mata shi da ɗan gishirin da Katir ya miƙo daga aljihu. Sellatai ta juya fuska waje, hawaye suka gauraya da ruwa, a ranta tana cewa shi ke nan, ta uku ma ta tafi.

A gida abin ya ƙara lalacewa. An shimfiɗa ganyen ayaba an zuba shinkafa da miyar kifi, sai ɗigo ya fara sauka tsakiyar ganyen Irulayi, tal, tal, ga ba bokiti ko ɗaya a ɗakin. Farar ƙasar bango ta fara gangarowa. Madasami ya matsa mata ganyen gefe, wani ɗigon ya biyo ta. Ana cikin haka aka ji fam daga bayan gida kamar an fasa taya, sai ƙarar ruwa a kan dutse.

Irulayi ta ajiye lomar da ta ɗauka. "Mene ne wancan?"

"Ba komai, Yaya, ci abincinki."

Ina, ta riga ta miƙe. Ta fita ta ƙofar baya cikin ruwan, ba ko mayafi. Sellatai ta jawo lema daga ƙarƙashin gado ta bi ta a guje. Bututun ya tofar da tsumman can gefe, ruwa na fita da kaurin hannun mutum, fari tas, yana dukan dutse yana gangarawa kwari. Irulayi ta tsaya a gabansa kamar an dasa ta.

Sellatai ta ga babu sauran abin ɓoyewa. "Yaya, ƙarya na yi miki. Nan ba ƙura, ba rani. Haka muke, rabin shekara a jiƙe. Ɗakin yana yoyo, wanki ba ya bushewa. Amma yaron nan, wallahi, ba shi da—"

"Wa yake rufe shi?"

"Me?"

"Famfon. Da wane lokaci ake rufewa? Wa ke riƙe da makullin?"

"Ba shi da makulli. Haka yake zuba."

"Kullum?"

"Kullum."

"Da rani fa?"

"Yana ɗan raguwa. Ya koma kamar haka." Ta nuna yatsu uku.

Irulayi ta ɗauki tsumman da robar tayar ta jujjuya su. "Wannan kuma wane mara imani ne ya ɗaure masa baki?"

"Ni ce," in ji Sellatai a hankali. "Don kada ki ji."

Sai matar nan da tun safe kusan duk maganarta ba ta wuce "to" ba ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen dutsen. Ta ture lemar, ta tara hannu biyu ta sha, ta sake sha, ta kai kanta ƙarƙashin bututun. Da ta ɗago, dariyar ta koma kuka.

"Tenmoli! Zo nan." Yarinyar ta fito, Katir na leƙe a bayanta. Irulayi ta kamo hannun Sellatai ta ɗora a tsakiyar kan 'yarta, ta cikin gashi. Wajen ya yi kanta, tauri kamar tafin ƙafa. "Kin ji? Tulu ne. Tun ba ta gama famfarar haƙori ba take bina rijiya, mu fita da sanyin safiya mu dawo rana ta take. Wani lokaci mu tarar da layi, wani lokaci mu tarar da laka. Ni abin da ya hawo da ni dutsen nan ke nan, in ga nisan rijiyarku. Tun safe kina nuna mini ganyaye, ni kuwa ina ta waige ina neman mata da tuluna, ban ga ko ɗaya ba, na rasa wa zan tambaya." Ta share fuska da gefen sarinta, wanda ya fi fuskar jiƙewa. "Daga murhunki zuwa nan ko numfashi mutum bai sauya ba. Ku sa rana."

Kafin Sellatai ta buɗe baki aka riga ta. Madasami ne ya leƙo daga ƙofa da kwano a ka ya ce, "To zakaran fa? Wadda aka yi wa alkawari ba ta cika nata ba."

"Wane zakara?" in ji Irulayi. Da aka ba ta labari sai ta dafe ƙirji. "Ke 'yar'uwa! Ni shekara da shekaru ina kai wa Mariyamma zakara ta saki ruwa, ke kina nan kina kai mata ta riƙe? Ashe ke ce!" A ranar zakaran ya shiga tukunya, aka ci shi da masoro mai yawa, kowa na matsawa da ganyensa yana kauce wa ɗigo.

An yi biki bayan girbi. Cikin kayan amarya akwai tulunan tagulla da Irulayi ta daɗe tana tara wa 'yarta, an goge su suna ƙyalli. Ba a taɓa ɗora ko ɗaya a ka ba. Da damina ta kewayo, su aka jera ƙarƙashin yoyon, kuma Irulayi ta hana a gyara kwanon ɗakin da take sauka, wai ƙarar ɗigo a tagulla ce ke sa ta barcin rana. Kowa yana hawowa dutsen nan ne lokacin da gari ya washe, ita kaɗai ce baƙuwar da ke jiran ruwa ya kankama sannan ta ɗauro jakarta.

Sellatai ba ta daina zagin ruwa ba, kada ma wani ya yi zato. Sai dai in Irulayi tana gidan, takan buɗe ƙofa da safe, ta waiga ta tabbatar ba a jinta, sannan ta yi masa faɗan ƙasa-ƙasa. Daga nan sai ta juya ta tarar da Tenmoli zaune a bakin murhu tana taje kai. Wani lokaci ta karɓi matajin ta taje mata, yatsunta na laluben tsakiyar kan. Gashi ya rufe wajen, kantar ta yi laushi.