Salkar da na kwance a hanyar Ɗa'ifa

Gara in faɗa da bakina: tun ina yaro kaina ba ya ja, sai dai wajen ɓarna. Wata Asabar, sati biyu bayan saukowa daga Arfa, ina ɗan shekara tara, Kawu Isiyaku ya loda mu a tsohuwar a-kori-kurarsa daga unguwarmu ta Jarwal za mu Ɗa'ifa. Yayan Kakata, Baba Tanko, yana kwance can rai a hannun Allah, abu ɗaya ya aiko a kawo masa: Zamzam. Kaka ta rungume jarkarta ta Zamzam a gaba kamar jaririya, ni aka jefa ni baya tare da tabarmi.

Da yake babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu, Kawu ya kauce wa shingen askarawa ya bi ta kwazazzabo, duwatsu baƙaƙe dama da hagu kamar za su haɗe mu. Ruwan hanya kuwa a salka yake, an rataye ta a gefen mota don iska ta sanyaya shi, mu sha, inji ma ya sha. To, sai ga birai a kan duwatsu. Ni da ko alifun ban riƙe ba a makarantar allo, sai ga dabara ta zo mini: in kwance bakin salka kaɗan, in ga ko za su biyo ruwan. Suka biyo kuwa, har da masu goyo! Na yi ta dariya har salka ta lafe.

Da muka fara hawan dutse, lagireto ya tafasa. Kawu ya matsa salka, ko ɗigo. Ya tsine wa wanda ya sayar masa da ita, ni ma na taya shi. Muka zauna ƙarƙashin wata ƙaya marar inuwa tun azahar, ko raƙumi bai gifta ba. Kawu yana ta lallashi: "Inna, don Allah ki kawo jarkar nan." Ita kuwa tana cewa, "Zamzam ɗin Yaya zan ɗura wa ƙarfe? Isiyaku, ka ji tsoron Allah!" Sai da la'asar ta yi sanyi sannan Kaka ta miƙa jarkar, ta kau da kai.

Mun sami Baba Tanko da ransa. Ya miƙo hannu yana laluben jarka, Kaka ta ce masa mota ta shanye. Kwana biyu ya ƙara a duniya.

Yanzu jikokina kan kai ni Ɗa'ifa cikin mota mai sanyi, ruwan roba har sai an zubar, biran ma sun ƙoshi ba sa kallon kowa. Amma duk na ga kwazazzabon nan sai maƙogwarona ya bushe. Don a hanyarmu ta dawowa Kaka ta ce baya za ta zauna, ta daɗe tana juya igiyar salkar a hannu, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Maigida, salka dai ba ta kwance bakinta da kanta."