Alhaji Tokyo da Gwiwar Anti Binta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawu Sule a wurin suna ko ɗaurin aure, daga Springfield har Largo, a nan ƙasar Turawa da muke zaune, ya san taswirar nan. A aljihun gaban rigarsa take kwana, ta sha naɗi har ta yage an liƙe ta da salatif. Kana cikin cin shinkafarka sai ka ji an ture farantin gefe, an shimfiɗa maka ƙasar Japan a gabanka. Shi ya sa aka sa masa Alhaji Tokyo, alhali a lokacin ko filin jirginsu bai taɓa gani ba. In ka tambaye shi yaushe ne tafiyar, amsa ɗaya ce: "Komai a tsare yake."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma nas ce, don haka na san mafarin abin. Matarsa, Anti Binta, ta yi shekaru da ciwon gwiwa, har ta koma yin salla a kan kujera. Ba ta cika ƙorafi ba, amma ta taɓa ce masa abu ɗaya take kewa, ta sa goshinta a ƙasa. To, akwai wani ɗan Japan a ofishinsu na injiniyoyi da ya ba shi labarin wurarensu masu ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, inda tsofaffi ke zuwa jiƙa gaɓoɓi. Shi ke nan, Kawu ya ɗauka.

Na ce, "Kawu, ga Yankari a gida, ruwan ɗumi har ka gaji."

Ya ce, "Kin ji ki! Ɗumi kika ce. Ni zafi nake nema."

Da wanka ne kaɗai, da an je an dawo tun shekarar farko. Amma Kawu ba ya yin abu ɗaya da tikiti ɗaya. Ya ji cewa a farkon watan Agusta suna wani bikin bazara, da ganguna manya kamar randa, da rawa a kan titi, ya ce wallahi ba zai tsallaka rabin duniya don wanka kawai ba. Sai ga azumi ya zo ya zauna daram a kan kwanakin bikin.

Na ce, "Ku tafi lokacin sanyi mana. Gwiwar ba ta san biki ba."

"Lokacin sanyi babu kiɗa. Ke kin san shekara nawa antinki ta yi ba ta ga biki a fili ba? Azumi yana matsawa kwana goma sha ɗaya duk shekara. Shi ke tafiya, ni ina nan."

Shekara uku cur ya zauna yana jiran azumi ya ba shi hanya. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba, domin ina ganin yadda Anti ke hawa benen gidansu tana riƙe da bango.

Shi kuwa bai zauna haka nan ba, ya shiga horo. Ya sayo 'yan sandunan cin abincinsu a wani kanti a Wheaton, ya ce daga yau da su zai ci tuwo. Jama'a, tuwo miyar kuka! Lomar farko ta sulale ta sauka kan taswira, daidai tsakiyar teku.

Anti ta ce, "Alhaji, ka ƙara musu tsibiri."

Ko a jikinsa. Ya goge ya ci gaba da bayani: "Mutanen nan fa Hausawa ne da suka ɓata hanya. Suna cire takalmi a bakin ƙofa, suna cin abinci a kan tabarma, suna rusuna wa manya. Me ya rage?"

Abin da ya rage, ni na gano shi. Saura wata biyu tafiya ya ba ni takardar masaukin in duba ko akwai matakala da yawa. Ina karantawa na kai wani layi, na sake karantawa, na rasa ta ina zan fara. Wannan ba maganar da 'ya ke yi wa kawunta ba ce. Na ja Anti kicin na raɗa mata. Ta leƙo falo tana dariya har da hawaye.

"Alhaji, 'yan uwan naka Hausawa, ashe tsirara suke shiga ruwan! Maza gefe, mata gefe, kowa yadda uwarsa ta haife shi."

Kawu ya cire tabarau. "Ko gajeren wando?"

"Ko zare."

"Inna lillahi! Shekara huɗu muna hira da ɗan Japan ɗin nan bai faɗa min ba?"

Na ɗauka tafiya ta mutu. Ina! Washegari ya tsare ɗan Japan ɗin a ofis, ya ce bai isa ya tashi cin abincin rana ba sai ya nemo mafita. Kafin la'asar sun samo masaukin da ke da ɗan kududdufi a keɓe, mai ƙofa da sakata, na iyali kaɗai. Ya kira ni ina bakin aiki, ko sallama bai ƙarasa ba: "Ba na ce miki komai a tsare yake ba?"

Sun tafi, sun yi kwana goma. Da suka dawo muka cika falon. Game da biki, hukuncinsa gajere ne: gangunan akwai girma, amma ba sa magana kamar kalangu. Sai wani ya ce, "To Alhaji, ya ruwan?"

Anti ta riga shi. "Ku tambaye shi ko ya shiga! Shekara uku yana damun ku, ko ɗan yatsa bai tsoma ba. Kujera ya ja ya zauna a bakin ƙofa da hularsa, yana gadi. Duk minti biyu sai na ji, 'Hajiya, ya gwiwar?'"

Ya ce, "To ni gwiwata ke ciwo?"

Muka yi ta dariya. Da falon ya lafa, Anti ta ce a rana ta huɗu, bayan ta fito daga ruwan, ta ture kujera ta yi la'asar a kan tabarmar masaukin, goshinta a ƙasa. Da ta sallame ta waiga, sai ta ga Alhaji ya juya baya yana share fuska da taswirar. Ya ce wai tururi ne.

A matsayina na nas ba zan ce ruwa ya warkar da ita ba, don daga baya sai da aka yi mata aiki. Amma sujadar nan ta yi ta, kuma a gabansa ta yi. Shekara biyu bayan haka ya rasu. Taswirar tana cikin jakar sallar Anti har yau, da tsibirin miyar kukarta.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa taurin kai, ya sanyaya makwancinsa. Ya Allah, yadda ya tsaya har ta kai goshinta ƙasa, ka karɓi tasa sujadar, ka sa ya tarar da komai a tsare. Amin.